Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Akwatin Kifin Falonmu

Zuwa ga Mai Girma Akwatin Gilashi,
Kan tebur, gefen talabijin,
Nima, Accra.

Bayan gaisuwa mai yawa, ba zan tambayi lafiyarka ba, domin mai ido ya gani. An sayo ka don baƙo ya shigo ya ce masha Allah, sai ga shi baƙo yana leƙa ka yana tambaya ko koko aka dama aka manta. Na binciki lamarin, na tarar ba ka san halin Zango ba. Duk abin kirkin da aka san mu da shi, in ya shiga cikinka sai ya zama ajalin kifi.

Mu fara da ciyarwa. Hajiya ta watsa abinci bayan asuba, yara su ƙara kafin makaranta, Alhaji ya dawo daga kasuwa ya ce bayin Allah ko an ba su wani abu, har ɓarɓashin dokunu. Kai kuwa duk abin da kifi bai cinye cikin minti 2 ba sai ka ajiye shi a ƙasa ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu ya zama amoniya, gubar da ke ƙona musu wurin numfashi. Ƙwayoyin bakteriya masu cinye wannan guba a cikin soson matatarka suke zama, kuma sai sun yi sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kafin nan wasu ƙwayoyin ke cika ruwa suna shagalin ragowar abinci, su ne farin hazon nan. Maganinsa a rage abinci a yi haƙuri, abubuwa biyu da ba a saba da su a gidanmu ba.

Sai karɓar baƙi. Nima ta karɓi Bahaushe da Dagomba da Moshi da Zabarma da Kotokoli, ba ta tambayi kowa takardar likita ba. Kai kuma baƙo ɗaya aka saka maka, sai kowa ya fito da farin ɗigo-ɗigo a jiki yana goga kansa da dutse. Ƙwayar cutar tana ɓuya ƙarƙashin fata inda magani ba ya isa. Sai ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yan sun fito neman wani kifin, sannan magani ko gishiri kaɗan ke kama su. Shi ya sa ba a daina magani ranar da ɗigon ya ɓace, ana ƙara kamar sati guda. To mun ji: sabon kifi zai yi sati 2 a bokiti shi kaɗai. Kada ka ce wulaƙanci ne. A 2018 gwamnatin Gana kanta ta hana shigo da karfasa da kifin ado har wata 6 don tsoron annoba, kuma a ƙarshen shekarar wata cutar dabam ta yi wa masu kiwo a Tafkin Volta ɓarna mai yawa.

Tsafta ita ce ta fi ba ni mamaki. Hajiya ta juye ka tas, ta dirje ka da sabulu, ta wanke soson da ruwan famfo, kai kuma ka saka mata da gawa. Ashe ruwan da ke zuwa daga Weija da Kpong akwai kilorin a ciki, mai tsare cikin ɗan Adam, mai kashe bakteriyar da ka yi sati 6 kana reno. Daga yau kashi ɗaya cikin huɗu na ruwanka za a riƙa sauyawa duk mako, da ruwan da ya kwana a buɗaɗɗiyar jarka. Soso kuwa a cikin tsohon ruwanka za a matse shi. Hajiya ta ce wannan ƙazanta ce, amma ta yarda.

In dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya zo fanfon iska ya tsaya, kifi suka taso sama suna haki, yara za su riƙa ɗiban ruwanka da kofi suna tsiyayo shi daga sama. In ka koma kore, gansakuka ce, rana ta yi maka yawa, za a matsar da kai daga taga.

Mun sauya halinmu saboda kai, saura naka. In wata biyu suka wuce ba ka washe ba, Alhaji ya riga ya yanke hukunci: za a zuba maka tarwaɗa. Ita tana shaƙar iska daga sama, ba ta raina abinci, kuma in zamanta ya ƙare akwai barkono da tukunya.

Wassalam.

Naka mai jiran gani,
Wani ɗan gidan da ke ɗauko maka ruwa.