Bijimin Nukiliya da Akuyar Sola

Tsaya, malam, ajiye maficin tukuna. Tun ɗazu nake hangenka a bakin shagon mai caji, wayarka na bin layi a bayan wayoyi arba'in, gumi na bin gemunka, kana yi wa jama'a huɗuba wai maganin duhun Potiskum ɗaya ne tak, nukiliya. To ga ni na zo. Mu ma ba wuta a unguwarmu, saboda haka ina da lokacin gardama har la'asar sakaliya.

Amma bari in fara sallamar dattijon da ke kusa da kai, wanda ya ja da baya yana salati da jin kalmar. Baba, ka ce bam za a dasa mana a gari? Kwantar da hankalinka. Tashar nukiliya ba komai ba ce illa butar mai shayi da ta yi karatu a ƙasar waje. Yuraniyom ya tsage ya yi zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta. Shi ke nan fa. Na tashar lantarki ana tace shi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, na bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90. Ka ce Chernobyl? Gaskiyarka, an yi ta a Yukren a 1986, an kuma yi Fukushima a Japan a 2011. Sai dai kai da kake tsoron abin da ya faru a Yukren, da janareta kake kwana a zaure, ƙofa a kulle don ɓarayi, hayaƙinsa na shiga ɗakin yara. Wannan hayaƙin kam mun sha jin ya kwashe iyali guda a dare ɗaya, a nan ƙasar, ba a Japan ba. Kuma in gaya maka, tun 2004 akwai ƙaramar tukunyar nukiliya a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. In ka ga Bazazzagi yana wani abu na daban, halinsa ne, kada ka ɗora wa nukiliya.

Kai kuma mai huɗuba, rufe haƙoranka, ban koma bayanka ba. Ita wannan tukunya ta Zariya ƙarfinta bai wuce kilowat talatin da 'yan kai ba, wato zafin dutsen guga talatin, kuma ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunnawa, ta bincike ce. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa tun 1976 aka kafa ta. Yaron da aka raɗa wa suna a waccan shekarar, yanzu yana aurar da 'ya'ya. A 2017 aka sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, aka ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Nuna mini ƙwai ɗaya da takardar ta kunna, in biya maka kuɗin caji.

Ka ce ai Faransa wajen kashi biyu bisa uku na wutarta daga nukiliya take samu? Haka ne. Ka ce Afirka ta Kudu na da Koeberg tun 1984, Masar ma tana gina tata a Dabaa? Nan ma ban musa ba. Ka ce ba ruwanta da dare, ba ruwanta da hazo, ba ta hayaƙi, ta yi shekara sittin tana aiki? Wallahi duk gaskiya ne, har ka sa na fara sonta. Bijimi ce, ba ja.

To, kai ɗan Potiskum ne, ka san kara ranar Laraba. Ka taɓa ganin wanda ya sayi bijimi ya ɗaure shi da igiyar akuya? Tukwanen Dabaa huɗu ne, kowace megawat 1,200, da bashin dala biliyan 25 daga Rasha. Wutar da babban layin Najeriya kaf ke rabawa, mu sama da miliyan ɗari biyu, tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Injiniyoyi na da ƙa'ida: kada tukunya ɗaya ta fi kashi goma cikin ɗari na ƙarfin layin da za ta hau. Tamu za ta zama kwata. Ranar da ta yi tari, kwatan wutar ƙasa ya tafi a daƙiƙa ɗaya, layin da ko babu dalili yakan faɗi ya ga dalili. Ga wani abin da ba a faɗa maka ba a majalisa: ko an kashe tukunyar nukiliya, sai an ci gaba da sanyaya ta da famfo, famfon kuma wuta yake ci. In layi ya faɗi, da me za a tayar da shi? Da janaretan gas. Abin da ya kayar da Fukushima ke nan, ruwan teku ya cinye janaretocin. Ka gudu daga janareta, ka tarar da shi zaune a ƙofar nukiliya yana maka barka da zuwa.

Ka ce a gina mana tamu a nan gida? A wane kogin? Geregu na bakin kogin Kwara ne, ba don kyawun gari aka zaɓe ta ba. Mu da muke bin ɗan garuwa da rarrashi a watan Afrilu, da jarka za mu sanyaya ta? A can za a gina, ta biyo waya ɗaruruwan kilomita, turke bayan turke, ta daji. Tuna mini Oktoban 2024, da Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Tashoshi ne suka mutu? Lafiyarsu ƙalau, layi ne aka lalata. Maiduguri fa, da aka kayar da turakunta a farkon 2021 ta yi wata da watanni ba wuta? Ko da aljanna aka jona wayar, in an kayar da turke a hanya, mafici za ka koma.

Kada ma ka kawo mini zancen maƙwabta na da ma'adinin. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya. Mu da muke da ɗanyen mai muke kwana a layin fetur, ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Yanzu na ga ka gyara zama za ka rama. Ka ce sola wasan yara ce, rana ta faɗi ta bi ta? Rama, ka samu wuri. Batir na da tsada, zafin garin nan kuma yana tsofar da shi tun bai yi ƙuruciya ba. Hunturu ya zo ƙura ta rufe faranti, wutar ta rame. Masu cewa zafin Yobe arziki ne ga sola ma su sani, faranti haske yake ci, zafi rage masa kuzari yake yi. Ga jabu cike da kasuwa. Farantin kan rufinka ba zai ja masana'anta ba, mai walda ma sai ya yi da gaske. Har iska zan ƙara maka kyauta: megawat goma kacal na injinan iskar Lambar Rimi a Katsina sun ci fiye da shekara goma ana fama.

Sai dai akuya ce, malam. Guda guda ake sayenta, a bayan ɗaki ake ɗaure ta, ba ta jiran sa hannun Rasha. Farashin faranti ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma jama'a suka yi lissafi da kansu. A layinmu akwai wata baiwar Allah mai faranti huɗu da firiza ɗaya. Da azumi, kafin la'asar yara sun cika ƙofarta da kuloli, ƙanƙara na fita a leda tana hayaƙin sanyi, ɗanta na kan katanga da tsumma yana goge ƙura. Kai ma na ga ɗanka a layin, kada ka musa. Famfon burtsatsen unguwa fa, da lasifikar masallacin da ke tashinka asuba?

Ka ce to ni ɗan wane ɓangare ne? Ɗan ɓangaren fanka mai juyawa. A gyara waya, a tsare turaku, layi ya yi ƙarfi, sannan a kawo bijimin, ni zan fara zuwa kallo. Kafin nan, ɗaga kai ka dubi rufin shagon da kake tsaye. Wannan baƙin farantin da ka wuni kana zagi, shi ke cika maka waya. Ta kai kashi tamanin, biya mutum kuɗinsa ka ba na bayanka wuri.