Masu Neman Araha a Tsibirin Zanzibar

Duk wanda ya dawo daga Zanzibar aljihu wayam, kukansa ɗaya ne: an cuce shi. Zai lissafo maka direban tasi da mai otal da ɗan dakon tashar jirgin ruwa, ya bi su da Allah ya isa ɗaya bayan ɗaya. In ka ƙyale shi ya gama huci ka bi sawun kuɗin, sai ka tarar yawancinsu halin da ya taho da shi daga gida ne ya cinye su. Tsibirin nan na Tanzaniya bai ɓoye tsadarsa ba. Matafiyin ne ya rufe ido, kuma kowanne da irin rufewarsa.

Shugabansu shi ne Malam Lissafi, mai ƙaramin littafi da biro a aljihun gaba. Wata uku ya kwashe yana kwatanta farashin masauki a intanet, har Allah ya haɗa shi da wani ɗaki mai rahusar ban mamaki. Sai da ya iso ya gane dalilin rahusar: daga ɗakin zuwa bakin teku tafiyar rabin sa'a ce cikin rana, fanka kuma tana juyawa ne kamar an tilasta mata. Ya rantse ba zai hau tasi ba, sai daladala, wato motar haya ta talakawa, wadda wata sa'in a-kori-kura ce aka jera wa benci aka yi mata rumfa. Kuɗinta kam ba ya ciwo. Amma daladala ba ta tashi sai ta cika, kuma cika a wurin yaron mota ba irin cikar da Malam Lissafi ya sani ba ce. Zai zauna gwiwa a haɓa, buhun gawayi a kan ƙafarsa, kwandon kifi a gefensa, har tsawon kilomita kusan 60 daga birni zuwa Nungwi. In kuwa daga Paje ta gabas ya taso, sai ya fara komowa birni ya canza mota a wajen kasuwar Darajani. Yini guda ya tafi cikin kwana biyar da ya biya kuɗin jirgin sama dominsu, littafinsa kuwa ba shi da layin rubuta farashin yini.

Bayansa akwai Ɗan Gari na Kwana Biyu. Ya haddace jambo da hakuna matata a cikin jirgi, yana ganin da su za a sayar masa da kaya farashin 'yan ƙasa. Bai san waɗannan kalmomi su ne hatimin baƙunta ba, domin ɗan gari ya fi gaida babba da shikamoo, ya ce wa sa'ansa mambo. Da ya buɗe baki an gane shi, kifi na ganinka mai jar koma. Shi ne abincin samarin da ake kira papasi, kalmar da ke nufin kaska a Swahili, kuma wanda ya raɗa sunan ya san aikinsa. Saurayi zai bi shi cikin lungunan Stone Town, tsohuwar unguwar birnin, yana kiransa ɗan'uwa, ya nuna masa tsofaffin ƙofofi masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ya rantse ba ya son ko sisi. Hanyar dai kullum a shagon wani kawu take ƙarewa, inda ladan rakiyar yake kwance cikin farashin kanumfari. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mai Damina ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ga otal sun karya farashi a watan Afrilu ya ce ga garaɓasa, bai tambayi abin da ya kori sauran mutane ba. Lokacin masika ne, babban ruwan da ake yi daga Maris zuwa Mayu. Hutunsa ya ƙare a baranda yana shanya safa.

Mai Hoto ta fi ba da tausayi. Ta ɗinko kaya kala bakwai domin ruwan nan shuɗi da ta gani a Instagram, ta isa Jambiani da hantsi, ta tarar teku ta yi tafiyarta. A gabar gabas ruwa yakan janye ɗaruruwan mitoci, sai bayan kamar sa'a shida ya komo. Abin da ya rage shi ne rairayi mai laushi da mata suna duba gonakinsu na ciyawar teku a tsakanin turaku. Ta ƙi sayen takalmin roba don tsimi, ta bi ruwan a ƙafa, ta taka wata halitta mai ƙaya kamar bushiya. Kuɗin takalmin da ninkinsa sun tafi wajen mai magani.

Shi kuwa Mai Guzuri ya zo da garinsa da sukari da ƙuli, ya yi alkawarin ba zai kashe ko shilin ɗaya a kan abinci ba. Kwana biyu yana cika alkawari. Daren na uku ƙanshin gashi ya ja shi dandalin Forodhani, inda ake jera kifi da jatanlande a kan tebura ƙarƙashin fitilu. Ya yi ta nuni da yatsa bai tambayi farashi ba, aka gasa, ya ci, sannan aka faɗa masa. Ciniki bayan an haɗiye kuwa roƙo ne.

Mai ƙorafi zai ce ban yi adalci ba, tunda akwai kuɗaɗen da babu halin kirkin da zai kare mutum daga gare su. Yana da gaskiya. Tun 1 ga Oktoba 2024 baƙo daga waje sai ya sayi inshorar dala 44 daga kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar, ko da kuwa ya taho da tasa daga gida, kuma wannan abin haushi ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin farashinsa ɗaya da na attajirin da ya kama otal mai tauraro biyar. Ga harajin kwana da ake ɗorawa a kan kuɗin masauki. Jirgin ruwan Darussalam ma farashi biyu gare shi, na mazauna ƙasa da na baƙi, na biyun ya fi ninkin na farkon. Sai dai duk waɗannan a rubuce suke, ana iya sanin su tun kafin a ɗaure jaka, kuma Malam Lissafi da ya ƙirga kuɗin shayi bai ƙirga su ba don ba ya son ganin jimlar. Batun farashi biyu kuma, a tuna tsibiri ne da hatta wutar lantarkinsa ta ƙarƙashin teku ake jawo ta daga babban yankin ƙasar, kaya da yawa kuma a jirgi suke shigowa. Wanda ya iya sayen tikitin jirgin sama don kallon ruwa kawai, da wuya ya gamsar da masunci cewa aljihunsu ɗaya.

Saboda haka, mai karatu, in kana da niyya, fara da abin da ba a tayawa. Biza dala 50 ga yawancin baƙi, inshora 44, jirgin ruwa daga Darussalam kusan 35 zuwa, 35 dawowa. Dala 164 ke nan, ba ka kwana ba, ba ka sha ko ruwan rake ba.