Tashar Jirgin Jega: Wa Ya Rufe Ta?

Na ce zan ba da tarihin tashar jirgin ƙasan da ta mutu, sai ka gyara zama, kai mutumin Jega, ka ce, "To Malam, fara da tamu." Wace taku? Ranka ya daɗe, ba a rufe ƙofar da ba a taɓa kafawa ba! Tun daga Maiyama har Aliero, ko taku ɗaya na dogo ba a taɓa shimfiɗawa ba.

Ka ce kakanka ya hau jirgi? Ban musa ba. Amma tambaye shi inda ya hau. Sai da ya ratsa Tambuwal da Sakkwato da Talatar Mafara, ƙura ta yi masa rawani, kafin ya ga tarago a Gusau ko Ƙauran Namoda. Can dogo ya ƙare. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura a 1929. Sakkwato kanta, da Sarkin Musulmi da komai, ba ta samu ba, balle kai.

Ka ce Bature ya yi mana rowa? Af! Wa ya gaya maka don zumunci ya zo? Gyaɗa yake so, da auduga, da fatu da ƙiraga, a kwashe a kai bakin teku a Ikko. Inda kayan suka taru, nan ya dasa tasha. Fasinja ɗan rakiya ne. Buhu ne mai gayya.

"To albasar Aliero fa?" Haba, Alhaji! Masaƙun Ingila ba sa saƙa albasa.

Ka ce ai da an kawo shi Jega, da yanzu mun zama Kano? Sannu da mafarki. Je ka Ƙaura ka gani. Da gyaɗa ta ja baya, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, tirela ta ƙwace kaya, sai tashar ta yi tsit, ciyawa ta ci dogo, awaki suka karɓi aikin mai tasha. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos kuwa tun 1957 aka yi masa sutura. Ko masu ɗorin Aliero, da duk gwanintarsu, ba sa ɗora karayar dogo.

Na ga ka haɗe rai. Yi haƙuri, ba dariya kawai na kawo ba. A 2021 an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, zai haura har Nijar, jihar Kebbi kuwa shiru. Kai da albasarka ke ruɓewa a bayan tirela, idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, ka tambaye su dogo. A fara gina tashar tukuna, sa'an nan mu yi gardamar wanda ya rufe ta.