Ilimin Tayar da Basfar Baba

Basfa, wadda masu ita na asali suke rubutawa Vespa, babur ce da kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da babura ba su burge shi ba, don haka ya yi abin hawan da mutum zai zauna a kai kamar kujera, ya haɗa ƙafafunsa wuri guda, baƙin mai bai taɓa masa tufafi ba. Mutumin bai san babbar riga ba, amma ko da ya santa ba zai ƙera abin da ya fi wannan dacewa da ita ba. Ma'anar sunan a harshensu zanzaro ce, saboda siririn ƙugu da faɗin baya da ƙugin inji.

A ƙasar Hausa tauraruwar basfa ta haska ne a shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata har da ariyas a 1975. Malaman makaranta da na asibiti da akawuna suka rabu gida biyu: masu ɗan rawar kai suka sayi Honda Benly, masu nutsuwa suka sayi basfa. Daga baya Jincheng da Boxer da roba-roba suka cika titi, basfa ta yi ritaya. A yau mazauninta soro ne ko bayan madafa, ƙarƙashin tsohuwar tabarma, inda kaji suka gano cewa wurin sa ƙafarta ya fi kowane akurki daɗin saka ƙwai.

Mai tayar da basfa galibi ɗan marigayi mai ita ne, mai ɗan albashi, wanda bai taɓa riƙe sufana ba sai dai ya miƙa wa wani. Cutar tana kama shi ne da daddare, ta hanyar bidiyon YouTube, inda wani mutumin Indunusiya ko Pakistan yake ɗauko ruɓaɓɓiyar basfa daga kwata ya mayar da ita amarya cikin minti goma sha biyar, bai ce wa kowa uffan ba. A cikin bidiyon ba a ɗauke wuta, noti ba ya ɓata, mai walda ba ya tafiya ƙauye suna. Da gari ya waye sai ya sanar da iyali cewa zai tayar da basfar Baba don tunawa da shi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 an samu ƙarin hujja, wato tattali, hujjar da ba ta da ƙafa, domin basfa fetur take sha ta kora da baƙin mai. Dalili na gaskiya hoto ne, kuma kowa a gidan ya sani.

Mataki na farko shi ne karɓar shaida. A nan akwai abin mamaki da masana ba su warware ba: babu basfar da aka taɓa ajiyewa a ƙasar Hausa saboda ta lalace. Kowace da lafiyarta aka jingine ta. Hajiya, matar marigayin, za ta ce bugu ɗaya take tashi. Kawu zai ce ranar da aka ajiye ta ma daga kasuwa ta dawo da buhun gero. Ba wanda zai tuna shekara biyun da marigayin ya yi yana turo ta daga bakin titi yana salati.

Daga nan sai kwancewa. Hausawa sun ce a bar kaza cikin gashinta, amma sabon shiga bai yarda karin magana ta shafi injuna ba. Cikin yini ɗaya yake warware duk abin da zai warwaru, abin da ya ƙi kuma ya sha guduma. Notina suna shiga gwangwanin madara, kayan inji suna shiga bahon wankin uwargida tare da kananzir, lamarin da ke buɗe wata shari'a ta daban wadda ba ta cikin wannan darasi. Kafin sati ya zagayo yara sun gano gwangwanin, rabin notinan sun zama tayoyin motar langa-langa. Sauran rabin, idan an zo haɗawa, sai a ga sun yi rara. Bayanin da aka amince da shi game da rarar shi ne Turawa sun cika sa abin da ba shi da amfani.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da injin kansa, domin ba shi da laifi. Injin basfa na cikin mafi sauƙi da aka taɓa ƙerawa. Mai bugu biyu ne, ba shi da bawul irin na mota, kuma a yawancin samfuran da suka zo nan ana zuba man 2T kashi biyu cikin ɗari a fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko da yake dattawa da ido suke aunawa. Yana zaune a gefen dama, manne da tayar baya, babu sarƙa. Giya a hannun hagu take tare da kuloci, ana murɗa ta, wayoyi biyu suna ja. Wuta daga magneto da kwanta take zuwa. Basfar da ta shekara ashirin a kwance abin da ke damunta sananne ne: tanki ya yi tsatsa, tsohon fetur ya daskare a kafireta, robobin da ke tare mai sun bushe, ringin fistin ya kama, wayoyi sun ci, tayoyi sun tsattsage. Wanda ya san aikin, idan kaya suna hannu, kwanaki kaɗan sun ishe shi. Sabon shiga yakan haura shekara, kuma babban dalilin haka ba a cikin injin yake ba, a ƙofar gida yake, kan benci.

Majalisar unguwa ita ce hukumar da ke kula da duk aikin da ba nata ba. Da zarar an fito da gangar jikin basfa waje, mambobinta sukan rarraba muƙamai. Akwai wanda kowace matsala a wurinsa fulogi ce, ko da taya ce ta sace. Akwai mai tarihi, wanda kawunsa ya taɓa hawa irinta daga Kano zuwa Damagaram da tanki ɗaya, ya dawo da ragowar mai. Kowane mako tafiyar tana ƙara nisa, wani lokaci har Agadas. Akwai mai tausayi, wanda yake jan mai aikin gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ka kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo, ka huta." Akwai kuma wanda ya fi kowa haɗari, mai labarin cewa Turawa suna neman irin wannan ruwa a jallo, da dala suke saye. Shi ne dai wanda ya taɓa sa rabin unguwa farfasa tsofaffin kekunan ɗinki ana neman jan makuri. Daga ranar da ya yi magana, mai basfa ya daina lissafin abin da yake kashewa, ya koma kiransa jari.

Idan gwangwanin madara ya gagara, sai a nemi bakanike. Matasan bakanikai na bakin titi sun ƙware a Boxer da Jincheng, amma idan aka kawo musu basfa sukan zagaya ta sau biyu suna neman sarƙa. Na ainihin guda ɗaya ne a gari, dattijo, ƙarƙashin darbejiya, kewaye da gawarwakin basfofi da masu su suka kawo gyaran kwana uku tun zamanin soja. Ya san marigayin, kuma wannan ne makaminsa. Yakan karɓi kafin alƙalami, ya shafa kan basfar, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Shi dai, ɗana, bai taɓa tambayata yaushe za a gama ba." Da wannan jimla an rufe bakin mai aiki na wata shida.

Kalmar "gobe" a bakin wannan dattijo tana buƙatar sharhi na nahawu. Ba ta nufin ranar da ke bin yau. "Gobe" zalla tana nufin bai fara ba. "Gobe in sha Allahu" tana nufin ya fara, amma da basfar wani. "Ka dawo jibi da yamma" tana nufin an cire kafiretar an sa wa wata wadda mai ita ya fi iya faɗa. Wannan ba sata ba ce a tsarin gareji. Kayan suna zagayawa ne tsakanin basfofin kamar adashi, kowa da ranar kwasarsa, sai dai ba a gaya wa kowa ranar.

Abin da adashi bai samar ba sai an shiga kasuwa: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Katako a Yamai. Kaya hawa uku ne, orijina, da mai bi masa, da "za ta yi maneji". Dukkansu 'yan Italiya ne a bakin mai sayarwa, duk da cewa yawancinsu daga Indiya suke, inda kamfanin Bajaj ya ƙera Vespa da lasisi har zuwa farkon shekarun 1970 kafin ya ci gaba da tasa mai suna Chetak, kamfanin LML kuma ya yi nasa samfurin daga baya. Ɗan kasuwa yakan gane sabon shiga tun daga nesa, domin shi kaɗai ne ke zuwa da hoton abin da yake nema a waya, bai san sunansa ba. "Alhaji, ka yi sa'a, wannan ita kaɗai ta rage a duk Arewa," in ji shi, ƙafarsa tana tura kwalin sauran ƙarƙashin tebur. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi famfon mai na maneji kuwa sai ya isa gida yake sani.

Ado shi ne sashen da ba ya jinkiri. A ƙa'idar littafi inji ake fara gamawa sannan fenti. A aikace ana fara fenti ne, saboda fenti ake gani a hoto. Bayansa sai madubai huɗu, da fitilu masu walƙiya shuɗi da ja, da sifika mai Bluetooth a inda marigayin yake ajiye goro da rasit. Kujera tana zuwa wurin dukawa a lulluɓe ta da jar fata, a sa mata geza da tuntaye har ta yi kama da dokin hawan Daushe. A murfin safayar taya mai zane yakan rubuta "Hassada ga mai rabo taki", tun kafin a samu wanda ya yi hassadar. A wannan matakin basfar takan samu ɗaruruwan masu yabo a Facebook da TikTok, da mutum uku masu tambayar nawa za a sayar, alhali injinta yana cikin buhu a ƙarƙashin darbejiya.

Ranar tayarwa akan sa ta Juma'a ko jajibirin Sallah. Mai basfa yana fitowa da sabuwar shadda, majalisa ta kewaye shi. A buɗe mai, a ja cok, a fara bugu. Bayan bugu na talatin mai fulogi zai yi murmushin wanda tarihi ya gaskata. Sai wani dattijo ya matso, ya karkatar da ita gefe, ya ɗan jira, ya miƙar. Wannan dabara ce ta gaske da duk tsohon mai basfa ya sani, kuma takan yi aiki. Idan ta ƙi, sai yara su tura har ƙarshen layi su dawo. Wasu basfofin a nan suke tsayawa kan ra'ayinsu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wadda ta tashi kuwa takan saki hayaƙin da maƙwabta za su rufe tagogi suna zaton feshin sauro ne. Mahayin, wanda ƙafarsa ta saba neman giya a ƙasa, sai ya murɗa hannun hagu ya saki kuloci gaba ɗaya, tayar gaba ta ɗaga sama, hula ta yi nata wuri. A bidiyon da za a ɗora, ana yanke wannan wurin.

Sai takardu. Fatikular tana cikin tsohuwar adakar marigayin, wani lokaci da hatimin Jihar Arewa maso Yamma, wadda aka raba ta zama Sakkwato da Neja tun 1976. Jami'in da zai tsayar da basfar a hanya takardar ta girme shi. Yakan juya ta gaba da baya, ya kira abokin aikinsa, su ɗauki hoto da basfar, sannan su ce laifin yana nan.

Mataki na ƙarshe shi ne bayyanar magada. Lokacin rabon gado ba wanda ya kula basfa. An sa ta a lissafi ɗaya da fasasshiyar randa. Da ta yi fenti ta zagaya unguwa sau biyu, sai waya ta fara ƙara. Yayan da ke Legas zai ce, "Ƙanena, na ga aikin da ka yi wa basfarmu, Allah ya yi albarka." Kalmar "basfarmu" ita ce sammacin. Ƙanwa za ta tuna Baba ya taɓa cewa ɗanta zai ba wa. Labarin dalar Turawa ya riga ya isa kunnen kowa, kuma ya yi kiɓa a hanya. Akan kira malami ya yi lissafi: tumunin Hajiya, sannan namiji rabo biyu mace ɗaya, a kan farashin da mai labarin dala ya yanke. Kuɗin fenti da na Ƙofar Ruwa da kafin alƙalami ba sa shiga, domin an ɗauke su sadaka ga marigayi. Tun da babu mai saye a wannan farashi, kuma babu wanda ya yarda wani ya hau kafin a raba, akan yanke shawarar a ajiye ta a wuri amintacce. Ana tura ta soro, a zare fulogi a ba Hajiya ta ɓoye, a lulluɓe ta da sabon tamfol. Kajin sukan dawo cikin mako guda.