Ɗabaƙoƙin Mutane a Gaban Esi Mai Ƙanƙara

Yana daga cikin abubuwan al'ajabi na wannan zamani, a tsakiyar watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 har duwatsun Birnin Kudu su riƙa huci kamar tanderu, mutum ya shiga turakarsa ya iske na'urar sanyaya ɗaki, wadda jama'a ke kira esi, ta naɗa rawanin ƙanƙara, alhali shi gumi na tsiyaya daga goshinsa. Sababin abin sananne ne ga ma'abota sana'ar: ko dai ƙurar hunturu ta toshe ragar da iska ke bi, ko kuwa gas ya zurare ta wata 'yar kafa, sai raɓar da ke kan bututu ta daskare. To, da na yi nazarin yadda mutane ke karɓar wannan jarrabawa, daga Birnin Kudu har Gwaram, sai na iske sun kasu ɗabaƙa biyar.

Na farko shi ne ma'abocin gaggawa, wanda ba ya shawara sai da wuƙar uwargida. Yakan hau kujera ya shiga sassaƙa kamar mai gyaran turmi, har tsinin wuƙa ya sami bututun jan ƙarfe, gas ya fita da huci irin na kububuwa, shi kuma ya sauko yana salati, ya mai da ciwon kai ya zama jana'iza.

Na biyu jahili ne murakkabi, wanda ya ɗauki cuta a matsayin karama. Yakan kirawo maƙwabta su zo su ga ƙarfin abin da ya sayo a Kano, har ya jera ledojin fiyawota a ƙarƙashinta domin buɗa-baki.

Na uku mai zato ne, wanda a mazhabarsa ƙarfe ba ya lalacewa sai da hannun mahassada. Yakan tuna wani baƙo da ya ɗaga kai ya ce "kai, sanyi!" bai ce tubarkalla ba, sai ya cika kasko da garwashi ya turara ɗakin, hayaƙi ya ƙarasa toshe abin da ƙura ta rage.

Na huɗu muftin teburin mai shayi ne, wanda bai taɓa riƙe sukundireba ba, amma tun kafin a gama ba shi labari ya yanke hukunci: "Alhaji, gas ne." Da za a kai masa akuya mai tari, da gas zai ce.

Na biyar, kuma ƙalilan ne irinsa, shi ne mahaƙurci, wanda yakan kashe sanyin ya bar fanka kaɗai tana juyawa, ya tara roba a ƙasa, ya zare ragar ya wanke ya shanya a inuwa, sa'an nan ya ɗauki tabarma ya koma gindin darbejiya na 'yan sa'o'i. In ƙanƙara ta sake dawowa bayan haka, ya aika a kirawo mai gyara ya nemo inda gas ke yoyo.

Magabata sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ya kai mai karatu, kai ƙanƙara kawai aka ce ka jira ta narke, saboda haka ka mayar wa uwargida wuƙarta.