Naƙudar Hawainiya a Jamus

Taubashi,

Ina lafiya, sanyi ya kama, abin da ka tambaya yana nan tafe, ka gaida Inna, ka ce wa Lami na ji saƙonta. Labarin gida ya ƙare ke nan, ka gyara zama. So nake in kafa maka hujja cewa duk faɗin Jamus babu baƙuwa mai gata kamar hawainiya, kuma duk da gatan babu wadda ta kai ta ban tausayi. Hawainiya dai da ka sani, wadda yara ke jifa da hoge, wadda ake kasa busasshiyarta a tabarmar mai maganin gargajiya. A nan kiwonta ake yi a cikin ɗaki, har da raɗa mata suna. A garin Hamm akwai kasuwar da ke ci a wasu lokuta na shekara, hajarta macizai ne da ƙadangaru da hawainiyoyi da danginsu, mutane na yin takakkiya daga ƙasashen Turai kamar yadda fatake ke cika Maigatari. Wasu irin ma sai da takardar asali da rajista a hukuma, abin da ɗan Adam kan yi shekaru yana bin layi bai samu ba.

Wadda aka fi kiwo 'yar Yaman ce mai tsinin kai kamar ta kifa malafa, sai 'yar Madagaska mai launin sabuwar atamfa. Macen kamar kaza take, tana yin ƙwai ko da namiji ko babu. Sai dai kaza kan yi ɗaya tak ta cika unguwa da kyarkyara, ita kuwa 'yar Yaman takan tara 30 ko 50 ko fiye a ciki guda, ta zubar a zama ɗaya ba ta ce uffan ba. A daji sauka take daga bishiya, ta haƙa rami a ƙasa mai laima, ta juya ta zuba, ta binne, ta daddale wurin. To a hawa na huɗu, cikin keji, ina za ta ga ƙasa? Sai ta riƙe ƙwan. Ta daina cin abinci, ta yi ta safa da marwa a gindin keji tana karta, idanu su faɗa, ta koma lumshe su da rana tsaka, in ba a yi maza ba sai gawa. Saboda haka Bature zai sa hannu a aljihu ya sayo ƙasa da yashi a leda, ya cika bokiti zurfin kamar santimita 30, ya yayyafa ruwa, ya tona da hannunsa ya tabbata ramin ba zai rufta ba. Sannan ga kunya: in tana haƙa ta hango ana leƙenta, sai ta bar ramin ta haye reshe da kayanta a ciki. Dole a lulluɓe kejin da zane, mai gida ya koma sanɗa a gidan da yake biya wa haya. Ko mai haihuwar fari a gidan surukai sai ta sara mata.

Ƙasa kaɗai ba ta isa ba. Ƙwan nan kalsiyam yake zuƙa daga ƙashinta, jikinta kuma ba ya cin moriyar kalsiyam sai da bitamin D3, wanda hasken rana ke sa fata ta haɗa, gilashin taga kuwa tare wannan hasken yake yi. Sai a sayo mata fitilar UVB, a riƙa canja ta duk bayan watanni ko da tana ci, don ƙarfinta raguwa yake. Gyaren da za ta ci sai an barbaɗe shi da garin kalsiyam kamar yajin tsire. Ruwan kwano bai dame ta ba, ɗigon ganye take lasa, don haka akwai injin da ke yi mata yayyafi a kan lokaci. In duk da haka ƙwai ya maƙale, sai asibitin dabbobi: a ɗauki hoton ciki a ƙirga ƙwan, a yi allurar kalsiyam, a bi da oksitosin, irin wadda ake yi wa matanmu in naƙuda ta yi tsawo, in ta ƙi a yi tiyata.

Na san za ka ce almubazzaranci ne. To wa ke wanke ragon layya da sabulu, ya ɗura masa dusa wata shida? Za ka ce rago dai a ƙarshe tukunya zai shiga. Na yarda. Amma kai da ka yi makarantar allo ka san hadisin matar da ta kulle kyanwa. Wanda ya raba dabba da bishiyarta, ranarta da ruwanta da ƙasarta duk sun hau wuyansa, kuɗin fitilar nan bashi ne yake biya. Inda zan ba ka gaskiya shi ne gatan ma kisa yake: yawan abinci da yawan ɗumi su ke sa ta tara ƙwan da ya fi ƙarfinta, shi ya sa matansu ba sa kai mazan tsawon rai, masana kuma suke cewa a rage mata ci. Ka ji ƙasar da ake biyan likita ya ce a bar maras lafiya da yunwa.

Za ka kuma ce a mayar da ita garinsu mana a huta. Wane garin? Yawancinsu a keji aka ƙyanƙyashe su, kaka da kakanni, Yaman a suna kawai suka san ta. Ga ta ba ta son abokin zama, ba ta son a taɓa ta, launin da take sauyawa ma yawanci zafi da sanyi ne da halin da zuciyarta ke ciki, mai gida sai ya karanci fatarta kafin ya san ta yi fushi. Ranarta ta fitila, damunarta ta inji, ƙasarta ta leda, tana zaune ita kaɗai ido ɗaya gabas ɗaya yamma. A Disamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa a nan, mu masu baƙar fata ma ƙwayar bitamin D ake ce mu sha, sai dai mu ba mai lulluɓe mana keji.

In ka sami mai zuwa ka aiko da kuka da daddawa. Ƙasar gonarmu kuwa bar ta, 'yan kwastan ba za su bari ta wuce ba. Kekena da ke zaure kuma, hawainiyarka ta kiyayi ramata.

Naka,
Ubangidanka na Jamus