Ɗanwake Ko Waina? A Bar Yara Su Faɗi Dalilinsu

Tun da malamar aji uku ta firamaren bayan layinmu ta fito da wani salo, hirar bayan la'asar ta samu abin yi a unguwa. Aikin gida ta ba yara: kowa ya rubuta abincin da ya fi so, ya kawo dalili biyu, sannan ya rufe da abin da yake so mai karatu ya yarda da shi. Layi huɗu ko biyar, da Hausa. Iyakacinsa ke nan, amma kusan kowane gida sai da aka yi zancensa.

Mu dai mun san yadda insha'i yake a wajenmu. Malami ya rubuta a allo, aji ya kwafa, a haddace, ranar jarrabawa a juye. Shi ya sa idan aka ce a rubuta abincin da aka fi so da Turanci, sai ka ga aji guda kowa shinkafa da miya, har yaron da duk unguwa ta san ba ya wuce mai awara. Rubutu ya yi kyau, maki ya fito, amma babu ko kalma ɗaya da ta fito daga ran yaron.

A gida ma ba mu bar musu ƙofa ba. Yaro ya ce, "Umma, ni na fi son miyar kuɓewa a kan ta kuka," kafin ya rufe baki an ce, "Ka samu ma! Ci abin da aka ba ka." Ban raina wannan tarbiyya ba, domin da ita muka koyi godiya da girmama abin da aka wahala aka dafa. Sai dai raina abinci daban, faɗin wanda ka fi so daban, kuma mu manya mun fi kowa sanin haka. Je ka teburin mai shayi ka ce masar Bauchi ta fi wainar Kano, ka ga yadda za a kwashe dare ana kawo hujja. Bakano zai jawo gurasa bandashe ya kafa, wani ya ce duk labari ne in babu fura da nono. Muna yi kullum, muna jin daɗinsa, amma ɗan shekara takwas ya gwada sai mu kira shi fitsara.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar da malamar ta kafa: "yana da daɗi" ba ya cikin dalili. Wane irin daɗi? Yaushe ka ji shi? Nan yara suka fara tunani. Wata yarinya ta rubuta cewa ɗanwake ya fi, domin idan ta ci da safe da mai da yaji ba ta jin yunwa har a tashi daga makaranta, kuma kuɗinsa bai kai na burodi da shayi ba. Wani ya zaɓi ɗumame, ya ce tuwon da ya kwana ya fi shan miya, kuma da sanyin hunturu shi ke ɗumama ciki. Dubi wannan fa: da'awa, dalili, misali daga abin da ya gani da idonsa. Abin da za a nema a wajensa ke nan idan ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO, ko ya tashi muhawara a sakandare.

An samu wanda ya rubuta Indomie, kakarsa ta ce, "Kai ɗan nan, duk tuwon da na tuƙa maka?" Ya ce, "Hajiya, ai minti kaɗan take dahuwa, kuma ni da kaina nake iya dafawa." Ta yi dariya ta ce wannan kam dalili ne.

Washegari malamar ta haɗa su biyu-biyu, mai ƙosai da mai awara, mai taliya da mai dambu. Kafin ka mayar da martani sai ka maimaita dalilin abokinka har ya ce e, haka yake nufi. Wannan darasi ko majalisarmu ta ƙofar gida tana buƙatarsa.

Wani maƙwabcinmu ya ce shi bai ga abin koyo a zancen ciki ba, a koya musu abin da ya fi wannan nauyi. Na ce masa, "Yaya, me ɗan aji uku ya sani ciki da waje kamar abin da yake ci?" Ka tambaye shi amfanin bishiya, zai karanto maka hadda. Ka tambaye shi ƙosai, shi ne gwani. 'Yan aji ɗaya zuwa uku da suka ci abincin shirin ciyarwa da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, kowannensu ya san ranar da ya fi ɗokin zuwa makaranta, kuma zai faɗa maka abin da ya sa.

Don haka iyaye, yau da dare idan an zuba tuwo, ku tambayi ƙaramin cikin yaran wace miya ya fi so, ku ce ya kawo dalili biyu. Ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, sannan ku ba shi fensir da takarda ya rubuta.